Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Za Mu Rage Kuɗin Gyaran Maganar Yara ta Waya

Domin ƙungiyoyin gama kai na ekklesiya a Yola da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo. Shugaba ya sa a karanta darasin nan da ƙarfi a taron ƙungiya. In lokaci ya ƙure, a raba shi zama 2. Lalle a gayyaci zumuntar mata, gama yawancin aikin a hannunsu ya ke.

MANUFAR DARASI

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami unguwa a ƙasarmu wadda ba ta da yaron da ya kai shekara 3 ko 4 bai fara haɗa magana ba, ko mai i'ina, ko wanda in ya yi magana sai uwarsa kaɗai ke ganewa. Mu kan ce, "Bakinsa ne ya yi nauyi, zai buɗe." Wasu su kan buɗe ɗin. Wasu kuwa haka lokacin makaranta ya kan same su. Malam ya yi tambaya ba amsa, yara su yi ta dariya, kafin shekara ta kewayo yaro ya bar aji ya koma kiwon awaki.

Akwai mutanen da suka yi karatu musamman domin taimakon irin waɗannan yara. A darasin nan za mu kira su malaman gyaran magana. Ba su da yawa a Nijeriya, yawancinsu kuma a manyan birane su ke. Yanzu ana iya ganawa da su ta waya, amma iyaye da yawa da sun ji zancen sai su ce, "Ina kuɗi?" Gaskiyarsu ne. Saboda haka za mu duba inda kuɗin ya ke tafiya, sa'an nan mu ga yadda ƙungiya za ta rage shi, kamar yadda ta ke rage kuɗin taki ta wurin saye tare.

Wanda ya ke so ya karanta Markus 7:31-37 kafin taro. Abin lura a wurin shi ne, mutumin nan kurma mai nauyin baki bai kai kansa ba, mutane ne suka kawo shi. Haka yaro ya ke. Ba zai kai kansa ba.

1. YAUSHE YA KAMATA MU DAMU?

Manomi ya san kwanakin da masara ta kan yi kafin ta tsiro, ya san lokacin da za ta yi goyo. In ta wuce lokaci ba ya naɗe hannu, ya kan tona ya duba. Maganar yaro ma tana da lokatanta. Ga su a taƙaice:

Wata 6 zuwa 9: yana gwaranci irin su "ba-ba-ba" da "da-da-da", yana juyawa in ya ji ƙara.

Shekara 1: ya san sunansa, yana nuna abu da yatsa, ya fara kalma ɗaya ko biyu.

Shekara 2: yana haɗa kalma 2, kamar "Mama, ruwa."

Shekara 3: yana yin gajerun maganganu, mutanen gida suna gane yawancinsu.

Shekara 4: baƙo ma yana gane abin da ya ke faɗi.

Yara sun bambanta, jinkirin wata ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Tsamin baki ma, kamar yaro ɗan shekara 3 ya ce "luwa" maimakon "ruwa", ya kan wuce da kansa. Amma a tashi tsaye in yaro ya cika shekara 1 ba ya gwaranci, ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ya wuce shekara 2 ba ya haɗa kalma 2. Haka kuma in dā yana magana sai ta ɗauke. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Shekarun fari su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin kama harshe, aikin wata 6 a lokacin ya fi sauƙi da araha bisa aikin shekaru daga baya.

2. ME KE KAWO SHI?

Abu na fari da za a duba shi ne kunne. Yaro da kunne ya ke koyon magana, abin da bai ji ba ba zai faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara wajen miliyan 34 ne a duniya su ke da kurumtar da ke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abin da za a iya hanawa ne. A wajenmu abubuwan da su kan kashe kunnen yaro su ne sanƙarau, da ƙyanda, da shawara mai tsanani ga jariri, da wahalar haihuwa, da kunne mai zubar da ruwa da aka ƙyale, da wasu allurai irin su gentamicin in an yi su ba bisa umarnin likita ba. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Kano tana cikin inda ya fi tsanani, wasu da suka tsira kuma suka tashi ba sa ji.

Na biyu, tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa da a ke haihuwar yaro da ita. A duniya wajen jariri 1 cikin 700 ne a kan haifa haka. In ganɗa ce ta tsage, iska ta kan bi ta hanci, magana ta fito a hanci.

Na uku, i'ina. Wajen yara 5 cikin 100 su kan yi ta na ɗan lokaci, galibi tsakanin shekara 2 da 5. Yawancinsu su kan bari. Wanda tasa ta wuce wata 6, ko ya fara jin kunyar magana, yana buƙatar taimako.

Na huɗu, abin da ya shafi ƙwaƙwalwa. Akwai yaron da wuyansa bai tsaya da wuri ba, zama da tafiya suka yi jinkiri. Akwai kuma wanda ya ke ji sarai amma ba ya kallon ido, ba ya wasa da yara.

Ga kuma abubuwan da ba su ne sanadi ba. Jin harshe 2 a gida, kamar Hausa da Fillanci, ba ya hana yaro magana. Ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne. Yawancin yaran da maganarsu ta yi jinkiri kuma ba linzamin harshe ne ya riƙe su ba, balle beli. Kai yaro a yanke masa linzami ko a cire masa beli da aska yana iya jawo zubar jini da shigar cuta, ga kuɗi sun tafi, magana kuwa tana nan inda ta ke.

3. MENE NE GYARAN MAGANA TA WAYA?

Malamin gyaran magana ba allura ya ke yi ba, ba ƙwaya ya ke bayarwa ba. Ya kan saurari yaro, ya kalli bakinsa da wasansa, ya gane inda ya tsaya, sa'an nan ya tsara ayyukan da za a riƙa yi da shi kowace rana. Kamar malamin gona ya ke: ya nuna tazarar shuka da yadda a ke sa taki, amma mai gona ne zai yi noman. A nan mai gonar ita ce uwa, ko kaka, ko wanda yaro ya fi wuni da shi.

Tun da aikin kallo ne da sauraro da koyarwa, ana iya yin yawancinsa ta kiran bidiyo a babbar waya, irin wanda a ke yi ta WhatsApp. An gwada wannan. A Ostireliya akwai wata hanyar maganin i'ina ga ƙananan yara mai suna Lidcombe, wadda iyaye ne ke yin ta a gida, malami yana duba su mako-mako. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da ya nuna yaran da aka duba ta bidiyo sun sami sauƙi kamar waɗanda aka riƙa kaiwa asibiti. A 2020, da annobar korona ta hana zirga-zirga, malamai a ƙasashe da yawa suka koma aiki ta waya. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da darussan koya wa iyaye yadda za su taimaki yara masu jinkirin girma da magana ta wurin wasa da aikin gida na kullum.

Amma akwai abin da waya ba ta yi. Ba ta auna kunne, ba ta leƙa ganɗa sosai. Saboda haka tafiya ɗaya ta fari ba makawa. A fara da asibitin mazaɓa ko babban asibitin Karaye ko na Rogo, a karɓi takardar turawa. Daga nan sai sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Murtala a Kano. Ga wasu ƙauyukan Rogo, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, zai fi kusa. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, inda a ke auna ji, a ke kuma gyaran magana.

4. INA KUƊIN YA KE TAFIYA?

Buhu mai huji ba a cika shi sai an gano hujin. A nan huji 4 ne.

Na ɗaya, hanya. Bari mu yi lissafi. A ce malami yana so ya ga yaro sau ɗaya a mako har wata 6. Tafiya 26 ke nan. Uwa ba ta zuwa birni ita kaɗai da yaro, sai da ɗan rakiya, watau kujera 2. Zuwa da dawowa kujera 4. Sau 26, kujera 104. Ba a sa kuɗin babur daga ƙauye zuwa tasha ba, ba a sa abinci ba. Kowa kuma ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. In kuwa tafiya 3 kaɗai aka yi, ta fari da ta tsakiya da ta ƙarshe, sauran ta waya, kujera 12 ke nan. Kowa ya sa kuɗin motar ƙauyensu a lissafin nan ya ga bambanci.

Na biyu, kwanakin aiki. Kowace tafiya mutum 2 sun rasa wuni. Da damina wannan noma ne ya tsaya, ko kuwa a biya ɗan ƙwadago. Ga mace mai ƙuli-ƙuli ko awara, cinikin ranar ya tafi.

Na uku, waya da data da caji. Babbar waya mai kyamara ba kowane gida ke da ita ba. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Kiran bidiyo kuwa yana cin data ƙwarai.

Na huɗu, ladan malami da kuɗin awon asibiti.

Ku lura: mutane sun fi jin tsoron na huɗu, amma sau da yawa na ɗaya da na biyu ne ke karya gida. Waya ta toshe su. Saura na uku da na huɗu, su kuwa sun fi ƙarfin gida ɗaya, amma ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

(a) A ƙidaya yaran. Mata 2 masu riƙon asiri daga zumuntar mata su zaga gidajen 'yan ƙungiya da na maƙwabta, da jerin lokatan nan na sashe na 1 a hannu. A nemi izinin maigida kafin a shiga zance. A rubuta shekarun yaro da abin da aka gani. Kada a bambanta Kirista da Musulmi, gama nauyin baki ba ya tambayar addini, kuma yawan yaran ne zai sa kuɗin kowane ɗaya ya ragu.

(b) A buɗe asusu dabam. Kada a gauraya shi da kuɗin taki. Ga misali: ƙungiya mai mutum 40, kowa ya ba da tiya 2 ta masara ko dawa da kaka, an sami tiya 80, wajen buhu 2 ke nan. A zuba a buhun PICS mai ninki 3, wanda ba ya buƙatar magani, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan bisa ga buƙata. Kada a jingina ga tashin farashi da bazara, gama ba kowace shekara ya ke tashi ba. Ƙungiyar da ke da gonar haɗin kai tana iya ware kunya kaɗan domin asusun. Kuɗi kada su fita sai da hannun mutum 2, ma'aji kuma ya karanta lissafi a taro kowane wata 3.

(c) A tsara wanda zai biya me. Gidan da ke da hali ya karɓi rance ba ruwa, ya biya da kaka. Gwauruwa da maraya da wanda gonarsa ta ƙi, a ɗauke musu duka. Sauran su kawo rabi. A yanke wannan ƙa'ida tun kafin a san sunan yaran, domin kada son kai ya shiga.

(d) Waya ɗaya, ɗaki ɗaya. Ba sai kowane gida ya sayi waya ba. Ƙungiya ta sayi ɗaya, ko ta yi hayar ta wani ɗan ƙungiya, tare da ƙaramin faifan sola domin caji. A zaga gari da layukan kamfanoni dabam-dabam a ga inda sabis ya fi ƙarfi, a nan za a nemi ɗaki. Ya zama nesa da injin niƙa da janareta. Haske ya faɗi a fuskar yaro, ba a bayansa ba. A jingina wayar a kan tebur daidai tsayin yaro, kada a riƙe ta a hannu. In wasu iyaye ba za su sake a ɗakin majami'a ba, a roƙi aji a makarantar firamare ko ɗaki a asibitin mazaɓa.

(e) A zaɓi mataimaki. Wannan shi ne ginshiƙin aikin. A nemi mai haƙuri da yara, mai jin Hausa da Turanci, kamar malamar firamare ko ta makarantar Lahadi ko ma'aikaciyar lafiya. Mace ta fi, domin iyaye mata su sake. Aikinta ta haɗa kira, ta yi tafinta, ta rubuta aikin mako a littafi, ta leƙa gidaje tsakiyar mako. In malamin ba Bahaushe ba ne, ita ce za ta nuna masa bambancin "bari" da "ɓari", da "kafa" da "ƙafa", da "daki" da "ɗaki", domin kada ya gyara abin da ba kuskure ba ne, ko ya ƙyale kuskure. A ba ta ɗan abin sabulu daga asusu. Aikin da ba lada ko kaɗan ba ya daɗewa.

(f) A yi tafiyar fari tare, da rani. Bayan an gama girbi akwai kuɗi a hannu, gona kuma ba ta jira. A haɗa yara 3 ko 4 rana ɗaya da ɗan rakiya ɗaya wanda ya san asibitin. A tafi da katin rigakafin yaro. Kada a dawo sai da abu 3: sakamakon awon kunne a rubuce, da sunan malamin gyaran magana da lambarsa, da ranar komawa.

(g) A yi ciniki da malami. Magatakarda ya yi magana da sunan ƙungiya. Ya tambaya ko za a biya wata-wata domin yara da yawa, maimakon zama-zama. Ya tambaya ko iyaye 3 ko 4 masu matsala iri ɗaya za su zauna darasi ɗaya a raba kuɗin. Ya tambaya ko za a yi kira sau 2 a wata, sauran makonni a yi da saƙo. A rubuta abin da aka shirya.

(h) A tsimi data. Saƙo ya fi kira araha. Mataimakiya ta ɗauki bidiyon yaro na minti 2 yana wasa da uwarsa, ta aika, malami ya amsa da saƙon murya. Wannan yana tafiya ko sabis ba ƙarfi, uwa kuma tana iya sake saurara sau 10. A sayi data ta wata, ba ta yini ba. A danna *323# kafin kira da bayansa a rubuta, da haka za ku san abin da kowane zama ya ke ci. Wayar ƙungiya ba ta kallon fim ba ce.

(i) A nemi abin da ya ke kyauta. Rigakafin ƙyanda da na sanƙarau kyauta ne a asibitin gwamnati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko domin marasa ƙarfi, a Jihar Kano kuwa hukumar KSCHMA ce ke yin rajistarsu. Magatakarda ya je asibitin mazaɓa ya tambayi yadda a ke sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu naƙasa, da abin da katin ya ɗauka. Ga mai tsagaggen leɓe ko ganɗa, ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin aikin a asibitocin da ta ke haɗin gwiwa da su a Nijeriya, tana kuma tallafa wa gyaran magana bayan aiki. A tambaya a asibitin koyarwa. An fi so a ɗinke leɓe a watannin fari, ganɗa kuwa wajen shekara 1, kafin magana ta kafu.

6. AIKIN DA BA YA CIN KO KWABO

Malami zai ga yaro rabin sa'a. Uwa tana tare da shi dare da rana. Ga abin da kowane gida zai fara tun yau:

Ki riƙa faɗin abin da ki ke yi. In kina wanka ki ce, "Ga ruwa. Ruwa da sanyi. Wanke hannu." In kina tuƙa tuwo ki ce, "Tuwo. Tuwo da zafi."

Ki durƙusa daidai fuskarsa domin ya ga bakinki.

Ki ba shi zaɓi. Ki ɗaga kofi da kwano ki ce, "Kunu ko ruwa?" Sa'an nan ki yi shiru ki ƙirga 5 a zuci. Yawancinmu mu kan amsa wa yaro kafin ya buɗe baki.

Ki ƙara kalma ɗaya a kan tasa. In ya ce "akuya", ki ce "farar akuya". In ya ce "luwa", kada ki ce ya yi kuskure, ki ce, "I, ruwa."

Kakanni su dawo da tatsuniya da waƙoƙin reno da wasan tafa-tafa. Uba ya tafi da yaro gona ya riƙa gaya masa sunan fartanya da garma da kunya da tsuntsu.

Ga mai i'ina: ku rage saurin maganarku, ku bar shi ya ƙarasa da kansa. Kada a ce masa, "Yi maza." Kada a buge bakinsa. A hana yayyensa kwaikwayonsa.

Kada a sa tsinke ko gashin kaza ko mai ko ruwan ganye a kunne. Kunne mai zubar da ruwa asibiti a ke kai shi.

Kada kuma a miƙa wa yaro waya ya wuni yana kallo, a ce yana koyon magana. Yaro daga bakin mutum mai amsa masa ya ke koyo.

7. IN AN CE YARO KURMA NE

Wani yaron na'urar ƙara ji za ta taimake shi. A lissafa kuɗinta tare da na batir da gyara, gama ba saye ɗaya ba ne. Wani kuwa ba zai ji ba ko da na'ura. Wannan ba ƙarshen hanya ba ne. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, cikakken harshe ne da a ke ciniki da hira da shi. Yaro ya fara koyonsa da wuri, mutanen gida ma su koya. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi tun 1977. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda sanƙarau ya kurumtar yana yaro, shi ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, da wata a Ibadan a 1960. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma hana a yi bara da su.

8. GARGAƊI

Inda akwai iyaye masu damuwa, akwai mayaudara. Duk wanda ya ce yana da ƙwaya ko garin magani mai buɗe bakin yaro cikin mako ɗaya, ku riƙe kuɗinku. Malamin gaskiya yana da rajista da hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa domin kula da masu irin wannan aiki. Ku tambayi lambar rajistarsa. Ya fi kyau ku same shi ta hannun asibiti. Kada ku biya kuɗin wata da yawa gaba ɗaya ga wanda ba ku taɓa gani ba.

Hoton yaro da muryarsa amana ce. Ba a aika su ga kowa sai malami, da yardar iyaye. Ba a sa su a zauren WhatsApp na ƙungiya, ko domin neman taimako. In an gama da su a goge.

Kada kuma ku yi wa iyaye alkawarin cewa kowane yaro zai yi magana kamar sauran. Wani zai kai, wani zai ƙaru kaɗan, wani da hannu zai yi tasa. Bayan wata 3 a zauna da malami a duba littafi: kalma nawa yaro ya ke da su da fari, nawa yanzu? In ba canji, a koma asibiti a sake dubawa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Yara nawa muka sani a unguwarmu da suka wuce lokatan nan? Me aka yi musu zuwa yanzu, nawa kuma aka kashe?

2. Nawa ne kuɗin mota daga nan zuwa Kano ko Zariya yau? Ku lissafa kujera 104 da kujera 12.

3. Tiya nawa kowannenmu zai iya bayarwa da kakar bana ba tare da gidansa ya ji ba?

4. Wace ce a cikinmu ta dace da aikin mataimakiya? Me za mu ba ta?

5. Wane suna mu kan kira irin waɗannan yara da shi a gabansu? Ya kamata mu ci gaba?

AIKIN WANNAN WATA

Kafin taro na gaba, mata 2 su kawo yawan yaran, ba sunayensu ba. Matasa 2 su gano inda sabis ya fi ƙarfi a gari. Magatakarda ya je asibitin mazaɓa ya tambayi takardar turawa da rajistar marasa ƙarfi. Ma'aji ya sayi sabon littafi domin asusun. Ƙungiyar da ta gama waɗannan 4 ta aiko da labari ta hannun malamin gona na yankinta, domin a haɗa ta da ƙungiyoyin maƙwabta a yi tafiyar rani a mota ɗaya.